Yaya za a koyar da “can”, “must” da ƴan'uwansu a kwaleji har su zauna a bakin yara?

Malamar Ingilishi, Tahoua

Assalamu alaikum, iyayena malamai da abokan aikina. Ina koyar da Turancin Ingilishi a wata kwalejin gwamnati a cikin garin Tahoua, kuma bana azuzuwan sankiyam da katiriyam, wato aji na biyu da na uku na kwaleji, aka danƙa mini. Tambayata ta shafi ƙananan kalmomin nan masu taimaka wa aikatau, waɗanda littattafan nahawu suke kira modals: “can”, “could”, “may”, “might”, “shall”, “should”, “will”, “would” da “must”. Dokokinsu ba su da yawa, kuma idan na rubuta su a allo yara suna kwafe su cikin kaye, wato littafin rubutunsu, da kyau, har washegari su karanto mini su da ka: ba a ƙara musu “s” ko da mai aikin “he” ne ko “she”, ba a sa “to” a bayansu, ba sa neman “do” wajen tambaya ko korewa. Amma da zarar na ce kowa ya gina jimlarsa, sai takardu su cika da “He cans swim” da “I must to go” da “Do you can help me?”, kuma sau da yawa ɗalibin da ya karanto dokar babu tuntuɓe shi ne yake fara karya ta.

Matsalar ma'ana ta fi ta siga damuna. A wurin yawancinsu “must” da “should” abu ɗaya ne, tunda duka biyu suna mayar da su ga “devoir”, kuma ba sa ganin wani bambanci tsakanin “mustn't” da “don't have to”. Ajin yana da yara fiye da sittin, littafi ɗaya ne ake tarayya a kansa a kowane benci, kuma abin da nake da shi na aiki bai wuce allo da alli da muryata ba.

Abu biyu nake neman shawararku a kai. Shin in gabatar da duka taran a jadawali ɗaya kamar yadda wasu littattafai suke yi, ko in rarraba su, kuma da wanne zan fara? Sannan, tunda mafi yawan yaran nan Hausa suke yi a gida, ya halatta in yi bayani da ita, ko in tsaya ga Faransanci kamar yadda aka koyar da mu?

Tsohon malami mai ritaya, Yamai

Wa alaikumus salam, ƴata, Allah ya yi wa aikinki albarka. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin amsarta ce take warware ta farko. Yaron da Hausa ce harshen gidansu ya riga ya mallaki duk ma'anonin da waɗannan kalmomi suke ɗauke da su tun kafin ya taka ƙofar lakwal, kuma ya mallake su a rarrabe. Tun yana ƙarami ya san bambancin “dole ne ka je” da “ya kamata ka je”: ta farko idan mahaifinsa ya faɗe ta babu sauran magana, ta biyu kuwa shawara ce da ake iya ɗauka ko a bari. Faransanci yana fitar da su duka biyu daga aikatau ɗaya, “tu dois” da “tu devrais”, kuma na biyun yana cikin sigar sharaɗi wadda ɗan sankiyam bai gama riƙe ta ba ko a darasin Faransancin kansa. Idan kika bi da shi ta nan, kin sa shi warware harshe na uku da na biyu wanda shi ma bai gama zama a kansa ba.

Dubi inda kika ce sun fi rikicewa. “Must” da “have to” suna kusa da juna a jimlar tabbatarwa, shi ya sa yaro yake zaton korewarsu ma ɗaya ce, kuma zaton nasa ba na wauta ba ne. Amma “You mustn't come tomorrow” hani ne, wato “kada ka zo gobe”, alhali “You don't have to come tomorrow” ɗauke nauyi ne, wato “ba sai ka zo gobe ba”, in ka ga dama ka zo, in ka ga dama ka zauna. Babu yaron Tahoua da zai haɗa waɗannan maganganu biyu idan uwarsa ce ta faɗa masa su. Ki rubuta jimlolin Hausan nan biyu a allo, ki tambaye su wacce ce in an saɓa mata ake shan horo, sannan ki ajiye na Ingilishin a ƙarƙashinsu. Bayan haka ki bar su su rarraba dokokin makarantarku da kansu: satar amsa a jarrabawa tana gefen “mustn't”, zuwa makaranta ranar Lahadi yana gefen “don't have to”.

Haka yake ga “can”. Faransanci ya raba abin da aka koya da abin da hali ya ba da dama, “savoir” da “pouvoir”, kuma daga nan ne “I know to swim” take fitowa a takardun yara. Hausa kuwa da “iya” take yin duka biyu, kamar yadda Ingilishi yake yi da “can”: “na iya tuƙa babur”, “zan iya kai ka tasha yau”. A wannan gaɓa Faransanci ne yake sa yaro ya ɓace, ba harshen gidansu ba.

Sai dai ina da sharaɗi. Hausar ta shigo na ɗan lokaci ta buɗe ma'ana, sannan a koma Ingilishi har ƙarshen darasi. Malamin da yake fassara kowace jimla yana koya wa yara jiran fassara ne, ba sauraron Ingilishi ba. Game da halacci kuwa, a zamaninmu an yi ta horon yara saboda sun yi harshen gida a harabar makaranta, amma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ban ga dalilin da malama za ta riƙa waiwayen ƙofa don ta yi jimla biyu da Hausa ba.

Jadawalin kalmomi tara kuwa ki ajiye shi sai lokacin bita, domin taura biyu ba ta taunuwa, balle tara. Cikin abin da tsarin karatu na hukuma ya ba ki dama, ki bi ma'ana ɗaya bayan ɗaya. “Can” da “can't” na iyawa su fara, saboda kowane yaro yana da abin da ya iya kuma yana son a sani. “Must” da “mustn't” su biyo baya da dokokin aji da na hanya. Sai “should” na shawara, wanda lafiya ta fi dacewa da shi, musamman a farkon shekarar karatu a watan Oktoba, lokacin da damina ta ƙare ta bar zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara: “You should sleep under a mosquito net”, “You shouldn't drink dirty water”. “Will” sun riga sun haɗu da shi a darasin sigar abin da zai faru nan gaba. “Shall” kuwa kada ki ɓata masa fiye da ƴan mintuna, domin a Ingilishin yau ya fi fitowa ne a tayi irin “Shall I clean the board?” da “Shall we go?”, kuma hakan ya ishe su.

Malamin tirwaziyam (ajin ƙarshe na kwaleji), Yamai

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Na yarda da abin da kuka faɗa game da ma'ana, amma a yi mini izini in ja kaɗan a wuri biyu. Na farko, abin da zai yiwu a Tahoua ba lalle ne ya yiwu a kowane aji a Yamai ba. A ajina akwai masu Zabarmanci a gida da yawa, akwai masu Fulatanci, kuma ko a Tahoua Malama ba za ta rasa yaran da Tamajak ne harshensu na farko ba. Idan malami ya tsaya ga Hausa kaɗai, wani sashe na ajin zai ji an bar shi a baya. Abin da nake yi shi ne in kwatanta halin da Ingilishi mai sauƙi da alamar hannu, sannan in ce wa yaran su faɗa mini yadda ake cewa haka a gidajensu, kowa da harshensa. Ba sai na iya harshen ba. Abokan bencinsa ne suke tabbatar da ko ya faɗa daidai, kuma gardamar da takan tashi a tsakaninsu tana daga cikin abin da yake sa ma'anar ta zauna.

Na biyu, fahimtar ma'ana ba ta kawar da “I must to go”, kuma mai gyaran takardar BEPC, wato jarrabawar kammala kwaleji, jan alƙalaminsa a kan siga yake fara sauka. Wannan kuskure yana da asali da aka sani, kuma yana cikin yadda ake jera wa yara kalmomi tun siziyam, ajin farko na kwaleji: “to go” daidai da “aller”, “to eat” daidai da “manger”. Yaro ya haddace cewa “aller” shi ne “to go”, ya kuma san “je dois aller”, to me zai hana shi rubuta “I must to go”? Lissafinsa daidai ne bisa abin da aka ba shi. “He cans” ma haka take: an shafe shekara guda ana jan kunnensa kada ya manta da “s” a “he plays”, sai ya kai ta inda ba a gayyace ta ba. “Do you can” kuwa daga dokar tambaya ta “do” ta fito. Duka ukun kurakurai ne na yaron da yake bin doka, shi ya sa sake maimaita masa doka ba ya warkar da su.

Abin da yake aiki shi ne kunne ya saba da jimlar gaba ɗaya kafin a farfasa ta. Aji mai yara sittin yana da amfani ɗaya a nan, domin amsa-amo ya fi armashi da yawa. Ki raba ajin gida biyu, ɓangare ɗaya ya tambaya “Can you ride a camel?”, ɗayan ya amsa “Yes, I can” ko “No, I can't”, sannan a juya, sannan benci da benci, sannan kowane yaro ya ba da labarin maƙwabcinsa: “Ali can ride a camel, but he can't swim”. A wannan mataki na ƙarshe ne “cans” take leƙowa, kuma a nan ake kama ta. Idan yaro ya faɗi “Can you” sau da yawa da bakinsa, “Do you can” za ta fara yi masa nauyi a harshe tun kafin ya tuna da doka.

Akwai kuma abin da nake roƙon kowane malami ya yi wa allo: ya ja layi ya raba shi biyu, gefe ɗaya masu ɗaukar “to”, wato “want to”, “have to”, “be able to” da “ought to”, ɗaya gefen kuma taran nan da ba sa ɗaukarsa. Idan ba a yi haka ba, ranar da aka kawo “have to” duk aikin da aka yi a kan “must” yakan rushe. Wajen gyaran takarda kuma ba na rubuta wa yaro jimlar daidai. Ina zagaye wurin da ya ɓata ne kawai, shi ya nemo gyaran da kansa, wanda hakan yake rage mini zaman dare a kan tulin takardu.

Ga wanda yake son sanin dalili don kansa, ba don ya kai aji ba: yawancin waɗannan kalmomi a tsohon Ingilishi sigar lokacin da ya wuce gare su, daga baya ma'anarsu ta koma ta yanzu, kuma sigar da ta wuce ba ta ɗaukar “s”, kamar yadda ba a cewa “he sangs”. “Must” kansa asalinsa sigar da ta wuce ce ta wani aikatau da ya ɓace, shi ya sa ba shi da tasa sigar ta jiya, sai an aro “had to”.

Malami daga Birnin Konni

Malama, barka da ƙoƙari. Manya sun gama da nahawu, ni furuci zan ƙara. Mu da muke bakin iyaka, Illela tana tsallake kaɗan, yaranmu suna jin Ingilishi a kasuwa da tasha, amma sau da yawa Turancin buroka ne, inda ake cewa “I fit” a madadin “I can”. Ba na tsawata musu a kai. Ina nuna musu cewa wannan na kasuwa ne, wancan na takarda ne, kuma mai hankali yana riƙe duka biyun.

Ki kula da “l” da take cikin “could”, “should” da “would”, domin ba a furta ta, kuma yaron da ya fara ganin kalmar a rubuce kafin ya ji ta zai furta ta har ya girma. Haka “t” ta farko a “mustn't” ba ta fita. Don haka ki faɗi kalmar, su maimaita, kafin alli ya taɓa allo. “Can” a tsakiyar jimla takan yi rauni ta gajarce, “can't” kuwa tana da ƙarfi da tsawo, kuma da wannan ne mai sauraro yake rarrabe su fiye da “t” ta ƙarshe wadda sau da yawa ba a jin ta sosai.

“May”, “could” da “would” na ladabi kuwa ba sa bukatar darasi na musamman da farko. Ki mayar da su dokar ƙofa: wanda ya makara ba ya shiga sai ya ce “May I come in?”, mai neman aron biro sai ya ce “Could you lend me a pen, please?”. Yaran da aka tarbiyyantar da su a kan bambancin “ba ni” da “don Allah ko za ka taimaka mini da” ba sa shan wahalar gane dalilin da ya sa “could” ya fi “can” taushi.

Malamar Ingilishi, Tahoua

Na gode ƙwarai, Baba Malam da sauran malamai. Zan fara da raba allo biyu da kuma tambayar yara da harsunansu, tunda lalle akwai masu Tamajak a azuzuwana. Saura abu ɗaya. A wani nassi da muka karanta da ƴan katiriyam an ce “He must be tired”, sai yaran suka fahimce shi a matsayin an tilasta wa mutumin ya gaji, suka yi ta dariya. Shin wannan “must” na biyu in buɗe shi yanzu, ko in jinkirta shi kada ya rikita na farkon da bai gama zama ba? Kuma yaya zan haɗa shi da “may” da “might”?

Tsohon malami mai ritaya, Yamai

Ƴata, dariyar nan alama ce mai kyau, domin ta nuna sun riƙe ma'anar farko har sun ji ba ta dace da wurin ba. Tunda nassin ya kawo shi, kada ki rufe shi, amma kada ki zurfafa. Kusan kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi fuska biyu gare ta: ɗaya tana magana a kan abin da mutum zai yi, wato wajibci ko izini ko iyawa, ɗayar kuma tana nuna yawan tabbacin mai magana a kan abin da bai gani da idonsa ba. Hausa ma tana yin haka da kalma guda. Idan aka ce “dole ka biya”, umurni ne, amma idan aka ga mutum ya taho a ƙasa daga ƙauye cikin ranar watan Afrilu aka ce “ai dole ya gaji”, babu wanda ya umurce shi. An auna ne aka yanke. Ki faɗa musu wannan jimlar, za ki ga dariyar ta koma gyaɗa kai.

Cikakken darasin ya fi dacewa da ƙarshen katiriyam ko farkon tirwaziyam, kuma ba ya bukatar komai sai jaka. Ki sa wani abu a ciki ki ɗaure bakinta, ki bar yaro ɗaya ya taɓa ta waje. Muddin alamu ba su da yawa, amsar ita ce “It may be a mango” ko “It might be a ball”, wato wataƙila. Idan kika ƙara alama, kika ce ana yanka shi a miya kuma yana sa hawaye, sai su kai ga “It must be an onion”, kuma a jihar da take da albasar Galmi ba na zaton za a daɗe ana nema. A matakinsu ki bar “may” da “might” su zama kusan ɗaya. Ya isa a ce “might” ya ɗan fi nuna shakka.

Tarkon da yake nan shi ne korewa, kuma shi ne nake so ki yi wa tanadi. Kishiyar “It must be an onion” ba “mustn't” ba ce, “It can't be an onion” ce, wato ba zai yiwu ya zama albasa ba. Yaron da ya sha wahalar koyon “mustn't” zai kawo ta nan da gaba gaɗi, don haka ki ja dogon layi a allo, “must” a ƙarshe ɗaya, “can't” a ɗaya ƙarshen, “may” da “might” a tsakiya, kuma ki bar layin a kusurwar allo na wasu makwanni. Sigogin da suka shafi jiya, irin “must have gone” da “should have come”, ki bar wa malaman lise, matakin da yake gaba da kwaleji, sai dai in tsarin karatunku ya ambace su. Abin da ɗan kwaleji yake bukata na lokacin da ya wuce shi ne “could” na iyawa da “had to” na wajibci, kuma waɗannan biyun ki jarraba su a cikin ɗan gajeren labari da yaro zai rubuta a kan hutun da ya wuce, ba a cike gurbi kawai ba.